Anti, Aikin Banki da Hidimar Gida Sun Sa Ni a Tsakiya

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya iyali? Allah Ya saka da alheri a kan wannan fili.

Ni matar aure ce da 'ya'ya uku, ina aiki a wani banki a nan Kano, sashen nemo kwastomomi. Kowane wata akwai taget da ake ɗora mana, wanda bai cika ba kuwa sai an kira sunansa a mitin ɗin safiyar Litinin a gaban kowa. Tun daren Lahadi gabana yake fara faɗuwa.

Kafin asuba nake tashi in ɗora abin kari da abincin da yara za su tafi da shi makaranta. Ba na shigowa gida sai bayan magariba, da takalmin ofis nake wucewa kicin. Surukata tana tare da mu, tana da ciwon suga, ni ke dafa nata daban, ni ke tuna mata magani. Mutuniyar kirki ce, ba ni da ƙorafi a kanta. Yarinyar da ke taya ni aiki ta tafi tun bara, kuma tun da aka cire tallafin mai, albashina ne ke ɗauke da rabin cefane da kuɗin makarantar yara.

Yanzu kaina kullum cikin ciwo yake, jakata ba ta rabuwa da farasitamol. In na kwanta sai in farka tsakar dare ina lissafin kwastomomi, barcin ya tafi ke nan. A sallah ina manta raka'a nawa na yi. Rannan ƙaramar 'yata ta zubar da shayi, na daka mata tsawar da ta sa ta saki fitsari a tsaye, na shige banɗaki na yi ta kuka.

Maigidana ba azzalumi ba ne, amma in na ce na gaji sai ya ce ai ni na zaɓi aikin. Yayata ta ce ƙarancin tawakkali ne. Anti, gajiya ce kawai ko ciwo ne ya kama ni? In ajiye aikin ne?

Maman yara uku, daga Kano

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya kawo miki sauƙi. Imaninki lafiyarsa ƙalau. Aikin mutum biyu kike yi da jiki ɗaya, jikin ne kuma ya fara kokawa.

In mutum ya shiga tsoro ko matsi, jikinsa yana sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotisol, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu. An yi su ne don haɗarin da zai zo ya wuce. Ke kuwa naki ba ya wucewa: na ofis yana sakin ki, na gida ya karɓa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan matsananciyar gajiya da matsin aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Ta farko na gan ta ƙarara a wasiƙarki, sauran biyun ke za ki duba.

Tun da ma'aikaciyar banki ce ke, yi wa kanki lissafi. Sayi ƙaramin littafi, ki ba shi mako biyu. Kowane dare kafin ki kwanta rubuta awa nawa kika yi barci jiya, ƙwaya nawa kika sha, me ya fi tayar miki da hankali yau, a ofis ne ko a gida, sannan ki ba ranar maki daga 1 zuwa 10. Minti biyar ya isa. Da yawa sukan rantse cewa ofis ne matsalarsu, sai littafin ya nuna musu tsakanin magariba da isha ne abin ya fi ƙamari. Wasu kuma akasin haka. Kada ki rubuta takardar ajiye aiki kafin ki san naki, balle a gidan da albashinki ke riƙe da rabin tukunya.

Ciwon kan nan ba zai jira littafi ba. Ki je asibiti a auna jininki. In ana yawan samun 140/90 ko sama da haka, hawan jini ne, kuma yakan daɗe bai nuna kansa ba. Ki roƙi a duba ƙarancin jini da sinadarin maƙoƙo, don su ma suna kawo kasala da faɗuwar gaba. Ki faɗa wa likita gaskiyar yawan farasitamol ɗin da kike sha. Shan sa kwana 15 ko fiye a wata yana iya zama shi kansa sanadin ciwon kai. Kuma don Allah kada wata ta miƙo miki maganin barci daga kyamis ki karɓa. Kin san yadda maganin tari mai kodin ya shiga gidajen aure a garin nan kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018, kuma ba daga iskanci duka suka fara ba, wasu daga neman barci ne.

Akwai iyakar da in an kai ta, magana ta wuce gajiya. In kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranki a jagule, abin da kike so a da ya daina ba ki sha'awa, kina jin ba ki da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Akwai likitocinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In kuwa tunanin gara ki mutu ki huta ya taɓa zuwar miki, a ranar za ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, ku tafi asibiti tare.

Sai maigida, kuma a nan nake ganin mafi yawan sauƙinki yake. “Na gaji” ba ta faɗa wa namiji abin da zai yi. Nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ajiye masa littafin nan ya gani da idonsa, sannan ki roƙi abu takamaimai: ya riƙa kai yara makaranta, maganin Hajiya da ranar ganin likitanta su koma hannunsa, 'yan uwansa mata su riƙa karɓar girkinta a ƙarshen mako. Kula da uwa a wuyan 'ya'yanta yake tun farko. Abin da kike yi kyautatawa ce, Allah Ya ba ki lada. Kada dai ki faɗa masa haka cikin fushi. In ya sake cewa ke kika zaɓi aikin, ki tuna masa a hankali cewa gidan gaba ɗaya ne ke cin moriyarsa. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, don haka babu abin kunya a ciki. In abin ya faskara, a sa babba ɗaya da yake jin nauyinsa, ba taron dangi ba.

Ki rage wa kanki ma. Miyar da aka yi da yawa ranar Asabar za ta kai ki tsakiyar mako in wuta ta yi hali. Babban cikin yaran ya iya wanke kwanonsa da shirya jakar ƙannensa. Ba kowane biki da suna ne sai kin je ba. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai aƙalla, saboda haka shayi mai kauri da kofi su tsaya daga la'asar, wayar ofis kuma ta kwana a falo. 'Yarki ki jawo ta jikinki ki ce mata Mama ce ta gaji, ba laifinta ba ne.

A ofis, ki nemi hutunki na shekara ki ci shi a matsayin hutu, ba na wankin labule ba. Ki tambayi ko za a iya mayar da ke sashen da babu taget. In bayan wata uku an raba nauyin gida, barci ya dawo, amma daren Lahadi bai daina firgita ki ba, to aikin ne, sai ki fara neman wani kina nan a kan kujerarki.

Istigfari da azkar ki riƙe su da kyau, suna sanyaya zuciya, sai dai ki haɗa da zuwa asibitin. Awon jinin a wannan makon nake so ki yi, in mako biyun sun cika kuma ki rubuto min abin da littafin ya nuna.

Taki,
Anti