Gawar da aka hana ta ƙasa

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, kuma sai da na sa ƙanwarka ta maimaita mini shi, domin da farko na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce ka ga bidiyon gawar Lenin, jagoran juyin juya halin Rasha, kwance cikin gilashi a Mosko, kana tambaya ko al'adar Rashawa ce ba sa binne manyansu, kuma ko ba zai kyautu mu ma mu riƙa karrama gwarazanmu haka ba. Tambayar farko ba ta da wuya. Ta biyun ce ta hana ni barci da wuri, ganin yadda kai da abokanka kuka mayar da kalmar juyin juya hali abin ado a Facebook, alhali ba ku taɓa zama da mutumin da juyin ya bi ta kan gidansu ba.

Na shiga wannan hubbare a hunturun 1975, shekarata ta farko a Mosko, lokacin muna koyon Rashanci kafin mu fara karatun da ya kai mu. Tun da hantsi aka jera mu a layi, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmanmu, sanyi yana ratsa safa biyu kamar ba ka sa komai ba. Layin ya taso daga lambun da ke gefen ganuwar Kremlin, fadar gwamnatinsu, har ya shiga Jan Dandali, mutane dubbai, amma ba ka jin hayaniya ko ta kasuwar ƙauye. A gabana akwai wata tsohuwa mai kauri, ta ɗaure kanta da mayafin ulu mai ruwan toka. Da muka kusa ƙofa sojoji suka umarci maza su cire hula, kowa ya fitar da hannu daga aljihu, ba magana, ba ɗaukar hoto. Muka gangara matakala cikin duhu, sai ga shi kwance cikin baƙar kwat, an haska fuskarsa da hannuwansa kaɗai, hannu ɗaya a dunƙule. Ba a tsayawa, ana zagaya shi ne ana tafiya. A daidai nan na ga tsohuwar ta ɗaga yatsunta ta taɓa goshinta da ƙirjinta cikin sauri, irin alamar da Kiristocinsu ke yi wa mamaci, sannan ta waiga a tsorace ta ga ko wani ya lura. Idonmu ya haɗu, na sunkuyar da kai. Shekara hamsin ke nan, na manta fuskar Lenin, amma ban manta tsoron da ke idon matar nan ba.

Ita ce amsar tambayarka ta farko. Rashawa mutane ne masu binne matattunsu da addu'a, suna kuma ziyartar maƙabarta. Da Lenin ya mutu ranar 21 ga Janairun 1924, matarsa Krupskaya ta roƙi jama'a a jarida kada su gina masa gumaka da manyan gine-gine, ta ce in suna son tunawa da shi su gina makarantu da asibitoci. Shugabannin jam'iyyar Kwaminis mai mulki ba su saurare ta ba. Suka fara da ɗakin katako, a 1930 suka gina na dutse. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce haƙƙin mamaci na ƙarshe a kan masu rai shi ne su gaggauta suturta shi, kuma duk wanda ka ga an hana shi kabari, to masu rai ne ke da wata buƙata a jikinsa. Da na dawo gida na ba shi labarin, tambaya ɗaya ya yi mini: wa ya ci gadon sarautarsa?

Kada ka ɗauka ina cewa babu dalilin juyin juya halin da ya kawo Lenin kan mulki. Gidan sarautar Romanov ya shekara ɗari uku yana mulki, talaka yana noma wani yana ci, ga yaƙin duniya na farko ya cinye samari, mata suna kwana a layin burodi a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin. A watan Maris na 1917 Sarki Nikolas na biyu ya sauka, kafin shekara ta ƙare 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, suka karɓe mulki da alkawarin zaman lafiya da gona da abinci, kuma wane mayunwaci ne zai ƙi wannan? Sai dai a zaɓen da aka yi a ƙarshen shekarar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka samu. Majalisar da jama'a suka zaɓa ta yi zama ɗaya tak a Janairun 1918, washegari wakilai suka tarar da ƙofa a rufe, da masu bindiga a bakinta. A ganina tun daga wannan safiya aka fara haƙa harsashin ginin da ka gani a bidiyo. Tun Disamban 1917 an riga an kafa 'yan sandan ciki da ake kira Cheka. A 1921 aka murƙushe boren sojojin ruwa na sansanin Kronstadt, waɗanda da hannunsu suka taya juyin, a shekarar kuma aka haramta ɓangaranci a cikin jam'iyyar kanta. Saboda haka lokacin da Stalin ya zama babban sakataren jam'iyyar a 1922, ya tarar an riga an toshe bakin kowa, aikin da ya rage masa kawai ya kawar da abokan tafiya ɗaya bayan ɗaya, yana rantsuwa da sunan gawar. Manoman da aka bai wa gona, daga 1929 aka ƙwace aka haɗa su gonakin gandu na hukuma, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyi a Yukiren da Kazakistan. Gudun gara, in ji manya, aka tarar da zago.

Ban manta alherin da na samu a ƙasar ba, domin kyauta aka koyar da ni, kuma ban ga yaron da ba ya zuwa makaranta ba. Amma a ɗakin kwananmu akwai wani saurayi Barashe da muka shaƙu, wanda na taɓa tambaya ina kabarin kakansa yake, kasancewar ni na taso ana kai mu ziyarar maƙabarta. Bai amsa ba sai da ya tashi ya ƙure ƙarar rediyo, ya matso kusa da kunnena. Ya ce an zo da mota cikin dare a 1937 an tafi da shi, kakarsa ta mutu ba ta san inda aka zuba shi ba. A tsakanin 1937 da 1938 kaɗai an harbe mutum fiye da dubu ɗari shida. Mutum ɗaya yana kwance a gilashi ana layin ganinsa, ga dubbai da iyalansu ba su da inda za su tsaya su yi musu addu'a. Stalin ma an kwantar da shi kusa da Lenin a 1953, a 1961 aka fitar da shi cikin dare aka binne a gindin ganuwa, kuma ta gaban kabarinsa muka wuce da muka fito ranar nan.

Batun yadda za mu karrama namu kuwa, ka taɓa zuwa Hubbare a Sakkwato, ka ga Shehu a ƙasa yake kwance kamar kowane Musulmi, mutane suna yin addu'a suna tafiya. Sauran maganar ba ta waya ba ce, ku yaran yanzu kuma komai kuna so a amsa muku a layi biyu. Ka zo da hutun sallah ka kwana biyu a wurina, ka taho da abokan naka guda biyu ko uku. Hular kunne da na cire a bakin ƙofar nan tana nan cikin akwatin ƙarfe tare da hotunana na Mosko, zan sa a fito da su kafin ku iso.