Tambaya da Amsa: Ɓoyayyun Lambobi a Lissafin Rabawa

Tambaya: Malam, an raba 8?4 gida 7, amsa ta fito 1?2 babu saura. Yaya zan gano lambobin da aka ɓoye ba tare da kirdado ba?

Amsa: Ka fara daga ƙarshe, domin a ganina can ne sirrin yake. Tunda 7 sau 2 ya ba da 14, ragowar da ke hannu kafin a sauko da 4 ita ce 1. A farko kuwa, 7 ta shiga cikin 8 sau ɗaya, saura 1, saboda haka lambar da za a raba a mataki na biyu tana tsakanin 10 da 19, kuma dole ta bar ragowar 1. Ba wadda ta cika wannan sharaɗi sai 15, wadda 7 ke shiga cikinta sau 2. Ka gwada 122 sau 7, za ka samu 854.