Zauren Tambaya: Wa Zai Karɓi Mai Jinya In Ta Gaji?

Wasiƙun wannan karo daga Damagaram duk kan jinyar gida suka tsaya, da abin da ma'aikatar magajin gari, wato meri, za ta iya ɗauka a ciki. Huɗu muka zaɓa.

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan mahaifiyata na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ni ke yi mata komai, har na ajiye tuyar ƙosan da nake yi. An ce mini meri na taimaka wa irinmu. Gaskiya ne?
*Wata baiwar Allah, Garin Malam*

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya biya ki da gidan aljanna. Kada ki sa rai da albashi, meri ba ta biyan kuɗin wata ga wanda ke jinyar nasa a gida. Abin da za ki iya nema shi ne takardar shaidar rashin galihu. Ki fara da mai unguwarku don ya shaide ki, ki haɗa katin ɗan ƙasa na Inna da takardun likita, ki kai sashen jin daɗin jama'a na gundumarku. Sukan bincika halin gidan kafin su sa hannu. Takardar ce za ki nuna wa ofishin taimakon marasa ƙarfi a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Ki neme ta yanzu da jiki ya lafa, don ranar da ciwo ya tashi cikin dare babu mai sa miki hannu. Tana rage nauyin kuɗin asibiti, amma maganin da aka rubuta miki ki sayo a waje galibi daga aljihunki zai fito.

Kulawar kyauta da aka kafa a 2006 ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce da wasu hidimomin mata, tsofaffi ba sa ciki. Abin da ya shafi Inna shi ne ragin rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024. Ki riƙa karɓar rasit, ki duba abin da aka rubuta.

Sai maganar gida. Ki tara ƴan'uwanki a rubuta rabon aiki da suna da rana: wane ke sayen magani, wane ke biyan ƴan garuwa, wace ke kwana da Inna daren Juma'a da na Litinin. "Ai muna nan" ba rabo ba ne. Kina buƙatar aƙalla yini guda a mako da wani zai karɓe ki, da barcin da ba a katse ba. Idan kika fara ciwon bayan da ba ya tafiya, ko kika ga kina yi wa Inna tsawa kina kuka daga baya, to gajiya ce ta kai maƙura, a gaya wa dangi tun da wuri.

Ƙungiyarmu ta mata 40 ce, muna asusu irin na Mata Masu Dubara. Muna so mu riƙa shiga gidajen da ke da tsofaffi da naƙasassu muna hutar da masu jinya, meri ta biya mu. Ta ina za mu ɓullo?
*Sakatariyar wata ƙungiya, Zango*

Hajiya, wannan aikin ya fi rabon buhun shinkafa a gaban kyamara amfani nesa ba kusa ba, kuma doka ta buɗe masa ƙofa. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya sa taimakon marasa ƙarfi cikin aikinsu, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa musu wani ɓangare na harkar lafiya tare da ilimi da ruwa da muhalli. Sai dai ba kullum kuɗi ke biyo iko ba, shi ya sa ake bin abin daki-daki.

Ku fara da takardunku: izinin aiki a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984, tsarin mulkin ƙungiya, rahoton taron da ya zaɓi shugabanni, lambar haraji ta NIF, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Ba a zuba kuɗin hukuma a asusun shugaba, komai amanarta.

Daga nan ku ƙirga. Ku zagaya tare da mai unguwa da ƴan sa kai na cibiyar lafiya ta CSI, ku rubuta gidaje nawa ke da mai kwance, me ke damunsa, wa ke jinyarsa, ko yarinya ce da aka cire daga makaranta. Ku nemi yardar gidan kafin ku rubuta, sunaye kuma su tsaya a hannunku da na majo, wato shugaban cibiyar lafiyar, adadi kawai za ku kai meri. Buƙatar da ba a ƙirga ba ba ta shiga kasafi.

Lokaci shi ke kayar da yawancin ƙungiyoyi. Meri na da tsarin raya ƙasa na shekara 5, wato PDC, daga cikinsa ake tsamo aikin kowace shekara. Shekarar kuɗi na tafiya daga Janairu zuwa Disamba, ana kuma shirya kasafin baɗi tun kafin bana ta ƙare. Wanda ya kawo takarda a Maris za a ce masa babu gurbi, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Ku shigar da taku tun cikin damina, ku riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ku kuma san wanda zai sa hannu. Birnin Zinder gundumomi 5 ne, amma jakar kuɗin ta birni ce. Gunduma za ta goya muku baya, sa hannun da ke jawo biya na shugaban birni ne. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 kantomomi ke riƙe da wannan kujera, don haka kada ku ɓata lokaci kuna neman kansila.

Hanya biyu ake bi. Ko dai meri ta ba ku tallafi bisa yarjejeniya, ko ta sayi aikin a matsayin kwangila, a nemi farashi daga masu nema da yawa a zaɓi ɗaya. Ga ƙungiya irin taku ta farko ta fi sauƙi. Kowace aka bi, ga inda ake yin kuskure: a rubuta "wayar da kai da tallafa wa marasa galihu". Wannan jimla ba ta aunuwa. Mai duba aiki ba zai san me zai duba ba, ku ma ba za ku iya nuna kun gama ba. Ku rubuta abin da ake iya lissafawa. Ga misali: gida 30, ziyara 2 a mako, kowace awa 3. Ziyara 60 ke nan, awa 180 a mako. Idan mata 6 za su yi, kowace na da gida 5 da awa 30, wanda aiki ne sosai ga mai nata gidan. Mata 10 sun fi, kowace gida 3, awa 18, da biyu a ajiye don ranar haihuwa ko rasuwa.

A cikin lissafin kuɗi ku sa alawus ɗin masu ziyara, kuɗin kabu-kabu, safar hannu, sabulu, ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta, ledar shimfiɗa, katin waya, da horo. Kada ku manta ruwa. A garin da rani kan sa farashin jarkar ruwa ya hau, wankin zanen mai kwance kaɗai na iya cinye abin da gidan ke samu, kuma sau da yawa shi ne layin da ake mantawa a kasafi.

Yarjejeniyar ta faɗi iyakar aikin: wanka, juyawa, ciyarwa, zama da marar lafiya mai jinya ta je kasuwa ko ta yi barci. Babu allura, babu ƙarin ruwa, babu canza magani. Wannan na ma'aikatan lafiya ne, shi ya sa kuke buƙatar majon CSI da babban likitan gundumar lafiya su san da ku, su horar da matan, su ba da lambar da za a kira. Kowane gida a ajiye littafin ziyara, mai jinya ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Ku nemi a raba biya kashi-kashi duk wata 3, da kason farko a gaba idan ƙa'ida ta yarda. Ku kuma sa a rubuta abin da zai faru da gidajen ranar da yarjejeniya ta ƙare, don an sha ganin aikin da ya mutu ranar da kuɗin mai tallafi suka ƙare, bayan mutane sun saba.

Mun yi wata 5 muna aiki bisa alƙawarin wani babba a wata ƙaramar hukuma, har yau ko dala ba mu gani ba. Cuta ce ko me?
*Ma'ajin wata ƙungiyar matasa, jihar Damagaram*

Malam, ba lalle cuta ba ce, amma kalmar "alƙawari" ta ba mu tsoro. Kuɗin hukuma mataki huɗu suke bi. A ɗaure kuɗin a kan wani layi na kasafi. A tabbatar an yi aikin, a lissafa abin da ake binta. Shugaban hukumar ya sa hannu a takardar umarnin biya. Sannan ma'aji ya biya. Mai ba da umarni daban, mai riƙe da kuɗi daban, da gangan aka raba su. Ma'aji kuma ba ya biya sai takardu sun cika, don in ya biya babu hujja shi za a tuhuma.

Ku je wurin babban sakatare ku tambayi matakin da takardarku ta tsaya. In a na biyu ne, rahoto ko shaidar kammala aiki ce ta rage, wannan a hannunku yake. In an sa hannu amma ba a biya ba, asusu ne ya bushe: harajin unguwanni da tikitin kasuwa ba su shigo yadda aka zata ba, ko kason gwamnati ya makara. Ku karɓi lambar takardar umarnin, ku riƙa bibiya a rubuce. In kuwa babu yarjejeniya mai sa hannu tun farko, to a idon doka da wuya a ce kuna bin hukumar bashi. Ku tattara littattafan ziyara da shaidar masu unguwa, ku nemi a shigar da ku kasafin da ke tafe, kada kuma ku ƙara ɗaukar sabon gida sai takarda ta fito.

Baba ya fara gyambo a ƙugu saboda kwanciya. Ƙanwarmu ce kaɗai ke kula da shi, yayyena kuma sun ce abin kunya ne bare ya shigo jinyar ubanmu.
*Wani ɗalibi, Birni*

Samari, gyambon ya fi gaggawa. A kai Baba CSI ko a kira ma'aikacin lafiya ya gani, musamman in akwai wari, ruwa ko zazzaɓi. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi jini ya daina zagayawa, don haka a juya shi duk awa 2, dama, baya, hagu, amma kada ya kwanta kan gyambon. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su tashi daga katifa. Kullum a duba ƙugu, kwatangwalo, dugadugai da kafaɗu. Jan wurin da aka danna da yatsa bai yi fari ba, gyambo ne ke shirin fitowa, kada a murza shi. Zane ya zama busasshe, ba tattara, leda kuma a ƙarƙashin zane take, ba a jikin fata ba. Wajen gyara masa kwanciya mutum biyu su kama zanen su ɗaga, kada a ja shi. A ciyar da shi a zaune, ya ƙara rabin awa kafin ya kwanta, a ƙara masa wake, ƙwai da nono gwargwadon hali.

Juyi duk awa 2 sau 12 ke nan a yini da dare. Ka kai wa yayyenka wannan lissafi, ka ce su zaɓi nasu awoyin, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wankan Baba ma ya fi dacewa da ɗa namiji. In sun kasa, a nemo namiji mai horo wanda liman ko mai unguwa ya sani, ya fara zuwa wani babba na gida yana nan, a kuma tambayi Baba kansa ko ya yarda.