Na biya kuɗi ta intanet, wa zai tabbatar min an yi aikin?

Tambaya: Malam barka da aiki, daga Unguwar Rogo nake a Jos. Na biya kuɗin wata takardar gwamnati a wani kafe, yaron ya buga min risit yace shikenan an gama. To ya zan gane da gaske ne?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, risit ɗin dake hannunka abu ɗaya kawai yake nunawa, wato kuɗi sun fita. Shi ma ɗin sai ka bincika. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya (TSA), galibin kuɗin hukumomin tarayya ta Remita suke bi, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, akwai lambar shedar biya da ake kira RRR a jikin risit ɗin, ka shiga shafin Remita da wayarka ka saka ta zaka ga ko an biya da gaske.

Shedar aiki kuwa tana cikin kwamfutar hukumar ne. Misali rajistar kasuwanci ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, satifiket ɗin yana ɗauke da tambarin QR da ake dubawa da kyamarar waya, kuma kowa zai iya neman sunan a shafinsu ya gani. Amma ka lura adireshin shafin hukumar ya ƙare da .gov.ng, don masu shafin bogi sun iya kwaikwayo sosai.

Abinda ke ci min tuwo a ƙwarya shine imel. Mutum ya je kafe, mai kafen ya cika fom da imel ɗinsa da lambar wayarsa, duk saƙon da hukuma ta turo wajensa zai je, ranar da ya rufe shago ko ya bar gari kai da takardarka sai dai kallo, ko kalmar sirri baka da ita. Wallahi wannan ya fi satar kuɗin ciwo.

In an ja maka rai kuma kana da hakki. Dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 ta wajabta wa hukumomin tarayya su wallafa kuɗin kowane aiki da kwanakin da zai ɗauka, sannan akwai SERVICOM, ofishin sa ido kan yadda hukumomi ke yi wa jama'a aiki, tun 2004, da shafin ReportGov inda ake kai koke.

Gobe ka koma wajen yaron, ka karɓi lambar neman da hukumar ta bayar da imel ɗin da ya saka da kalmar sirrin, ka canza ta a gabansa.