Simintin ƙashi da gudajin jini: amsar tambayarka

Ka tambaye ni ko sinadarin simintin ƙashi, wanda ake manna ƙarfen sabuwar gaɓa da shi, ne ke daskarar da jini lokacin da ake sauya gaɓar ƙugu. Yarona, rabin magana wayarka ta ba ka.

Ruwan nan mai wari, methyl methacrylate, mililita 20 da ake kwaɓa garin giram 40 da shi, yana ɗan shiga jini ya saki jijiyoyin jini. Tun da likitan ƙashi John Charnley ya yaɗa aikin a Ingila wajen 1960 ake ɗora wa ruwan laifi, alhali abin da ke isa jini bai kai ya yi kisa ba. Ɓargo ne mai ɓarnar. In ka danna siminti a ramin ƙashin cinya ka soka ƙarfen, matsin sai ya tura kitse da ɓargo da iska cikin jijiya. Ɓargo na ɗauke da abin da ke tayar da daskarewar jini. Da ya isa huhu ƙananan gudaji su toshe hanya, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaza.

Haka aka rasa wata tsohuwa mai karayar ƙugu, har yau abin na ci min rai. Yaron da ke aikin sauri yake don a ce ya iya. Bai wanke ramin ba, bai sa toshin da ke tare siminti a ƙasan ramin ba, ya cusa siminti da yatsa daga sama ya kulle iska a ciki. Ko ɗaga kai bai yi ba ya gaya wa likitan sa barci zai sa siminti. Ƙarfen na shiga oksijin jininta ya faɗo ƙasa da kashi 88 cikin ɗari, jini ya sauka, zuciya ta tsaya. Sai aka rubuta wai dama zuciyarta ba ƙarfi. Ƙarya ce!

Kwaɓi ba zan koya maka ba, kowa ya iya. Wanke ramin da ruwa mai ƙarfi har kitse ya daina fitowa, ka tsane shi. Sa toshi, sa siririn bututun fitar da iska, ka cika da bindigar siminti daga ƙasa zuwa sama. Tsoho mai ciwon zuciya ko huhu kada ka matsa masa simintin da yawa. Ka yi wa likitan sa barci magana kafin ka fara, a ƙara oksijin, a ajiye maganin ɗaga jini kusa.

Murɗa ƙafar da kuke yi lokacin aikin ma tana lanƙwasa jijiyar cinya, jini ya kwanta. Shi ya sa ake bin majiyyaci da maganin hana gudaji, irin su enoxaparin miligiram 40 kullum, mako huɗu zuwa biyar, kuma a tashe shi ya taka da wuri.