Amsa ga ƙanwar da aka tura laburaren asibitin koyarwa

Ƙanwata, kin ce an kai ki laburaren asibitin koyarwa, ana neman takardun bincike kafin ƙarin girma, kuma ba mai ja miki gora. Wallahi sai na ji kamar ni na rubuta.

A shekarata ta biyu a aikin laburare wani babban likita ya zo zai yi bitar binciken da aka yi kan jijjigar masu juna biyu. Wata uku ina fama da PubMed da Cochrane, rumbunan takardun binciken lafiya na intanet, ina tsefe kalmomin MeSH da ake nemo takardu da su, intanet na ɗaukewa, ina sayen data da kuɗina. Har Asabar nake zuwa, yara na wajen maƙwabciya. Da takarda ta fito, har ɗalibinsa da bai taɓa taka laburaren ba yana ciki. Ni ko a sashen godiya babu. Na tare shi a baranda, ko tsayawa bai yi ba, ya ce, "Ai aikinki ne, Malama." Bayan kantar tsofaffin mujallu na shige na sha kukana. Har yau in na hango motarsa sai na ji zuciyata ta yi nauyi.

Don Allah kafin ki taɓa wa kowa irin wannan aiki, ku yi maganar suna tun farko, a rubuce. Ƙa'idar PRISMA ta rubuta irin wannan bita ma ta ce a bayyana yadda aka yi neman takardun, to wa ya tsara shi in ba ke ba?

Batun jagora kuwa, kar ki zauna jiran oganki. Tawa daga wata jami'a take, a taron AHILA, ƙungiyar laburarorin lafiya ta Afirka, muka haɗu. Takardata ta farko ta dawo min da ita jajawur da biro, na yi fushi kwana biyu, amma ita aka fara buga min. Abin binciken kuma yana kan teburinki: ɗaliban jinya nawa suka san Hinari, kafar samun mujallun lafiya a intanet, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe tun 2002? A nan na fara. Af, ki guji mujallun nan na biya yau a buga gobe, wata ƙawata ta yi asarar kuɗinta, kwamitin ƙarin girma ya ƙi ƙirgawa.

Kin yi digiri na biyu kuwa? In akwai kundinsa, kawo in duba, za a iya fitar da takarda daga ciki.