Tambaya da Amsa: Gano Ɓarakar Hujja a Jarrabawar LSAT

Tambaya: Malam, ina shirin rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantun koyon lauyanci a Amurka, amma tambayoyin gano kuskuren hujja suna ba ni wahala. Ina mafita?

Amsa: Damuwarka tana kan hanya, domin tun daga Agustan 2024 biyu daga cikin sassa ukun da ake ba wa maki na nazarin hujja ne, kowanne kuma minti 35 kacal.

Ka fara ware matsayar mai magana daga dalilan da ya kafa, sannan ka duba ko dalilan za su iya tabbata alhali matsayar ba ta tabbata ba. Idan aka ce ɗaliban da ke zama a sahun gaba sun fi cin jarrabawa, saboda haka zaman gaba ke kawo nasara, an mai da haɗuwar abubuwa biyu sanadi, bayan kuwa mai yiwuwa masu ƙwazon ne suka zaɓi gaban tun asali.

Kuskuren hujjar da ya fi kayar da ɗalibai, a ganina, shi ne ɗaukar sharaɗin dole a matsayin wadatacce: sai da lasisi ake lauyanci, amma riƙe lasisi bai nuna mutum yana aikin ba.